Awa Huɗu

Ran Alhamis, kasuwar El Alto,
inda iska ba ta isar huhu.
Nieves ta ƙulle kuɗinta a bakin mayafi:
boliviano ɗari da arba'in, har da na mota.

Teburin Wilmer cike da 'yan na'urorin kiɗa,
ja, baƙi, ruwan azurfa,
an jera su kamar kifi a faranti.
"Wannan shafa shi kawai ake yi,
waƙa dubu biyu yake haɗiyewa, ga bidiyo."
Ta juya shi, ta ajiye.
Yatsun babanta sun yi shekara talatin a ramin kuza,
gilashi ba ya jin su.

"Ba ni mai maɓalli, manya.
Batirin fa, tsakaninka da Allah?"
"Awa shida."
"Wilmer."
"To, huɗu, in ba a ƙure murya ba."

Awa huɗu ne wankin ƙoda,
sau uku a mako,
Don Cirilo kwance yana ƙirga tsagar silin.

Ta taya, ya ce albarka,
ta juya, ya kira ta.
Abin kunnen ɓari ɗaya ne ke magana.
Ba komai, na hagu nakiya ta riga ta cinye shi.

Da dare ta zuba masa sarewar garinsu,
da bidiyon jikarsa tana rawa a makaranta,
minti biyu, hoton ma yana rawa.

Ran Asabar nas ta ce mata
waƙoƙin ko taɓa su bai yi ba.
Minti biyun nan ya yi ta maimaitawa
har batir ya mutu,
saura kwata a zare allura.