Maɓalli na Shida

Ni ne tafinta.
Bakina gadar itace ce, kowa ya taka ya wuce.

A zauren cocin Nebaj, ruwa na dukan kwano,
ƙungiyoyi uku sun kewaye tebur mai gurguwar ƙafa:
lauyoyin da suka taso daga Hague da jakunkuna masu taya,
masu tonon kaburbura daga babban birni, jar ƙasa a farcensu,
sai matan da sojoji suka raba da mazansu
tun ina goye.

Yarjejeniya shafi goma sha tara.
Marijke na karanta sashe na huɗu da Sifaniyancin makaranta:
wa zai adana shaida, wa zai sayi man mota,
tambarin wa zai hau sama a bangon rahoto.
Leonel ya buga tebur, kofi ya fantsama:
"Ƙashin mutanenmu ba ya ƙetare teku,
ko wace kotu ce ta aiko sammaci."
Ta ce, "Shaidar da ta bi hannu ba sa hannu
alƙali zai ture ta gefe, ko kallo ba ta ishe shi ba."

Aka juyo gare ni in mayar da zancen harshen Ixil.
Mu ba mu da kalmar sashe.
Na ce, suna gardama ne kan makara,
wa zai kama kai, wa zai kama ƙafa.

Feliciana Ceto ba ta ce uffan ba.
Ta kwance bakin jar ɗamararta,
ta fito da maɓalli shuɗi, huda huɗu, ɗaya ta tsage,
ta ɗora shi kan takarda, daidai inda aka rubuta kasafin kuɗi.

"Shida ne a rigar.
Ina ɗinke wannan suka buga ƙofa.
Ya ce bar shi, in na dawo.
Biyar na tare da shi, ƙarƙashin masarar wani.
Ke kin san ƙofar da ake kai kuka.
Kai ka san yadda ƙasa ke riƙe sirri.
Ni na san launin zaren.
To, waye cikinmu zai tono shi shi kaɗai?"

Na fassara. A kan "in na dawo" harshena ya sarƙe,
sai da na maimaita.

Kada ku zaci an rungumi juna.
An ƙara awa biyu kan man mota.
An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
amma ba a ce hannayen za su so juna ba.
Da magariba dai aka sa hannu,
biyu da biro, ɗaya da babban yatsa,
ni kuma na danna wa teburin dutse a ƙafa.

Da ruwa ya ɗauke muka hau tudu.
Mai gonar ya nemi kuɗin masararsa, Marijke ta biya daga aljihunta,
ba ta sa a lissafi ba.
Kwana tara Leonel na shara da burushi kamar mai lallashin jariri.
Ran na goma, tsakanin haƙarƙari da saiwa,
shuɗi huɗu.
Na biyar har yau ƙasa ba ta bayar ba.

Yanzu maɓallin Feliciana yana da lamba,
yana kwance cikin ambulan mai sa hannu uku.
Shari'a kuwa, an ce baɗi, an ce in tallafi ya zo.
Ita an ba ta rasit.

Jiya na gan ta a kasuwa tana auna wake.
Ta taɓa ɗamararta, wurin da ya kwana shekara arba'in,
ta ce, "Takarda ba ta da nauyi, ɗana.
Sai na riƙa dubawa ko tana nan."