Daren Da Hauki Ya Dafa Kansa

A Turku, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa.
Aulis Rantakari ya dawo daga filin ƙera jiragen ruwa,
shekara talatin da ɗaya yana walda,
bayan hannunsa duk zanen tartsatsi.
Ya ɗora kofi, ya kunna kwamfuta,
wasan ya ce masa ya dakata, ana sabuntawa.

Kumbonsa Hauki ne,
sunan kifin nan mai dogon baki
da ke laɓewa cikin ciyawar gaɓa.
Wata goma sha huɗu yana gininsa,
igwa arba'in jere a goshi,
batir ɗaya a tsakiya kamar tumbin sa.
Wanda duk ya gamu da shi a sararin taurari
sai dai a tsinci ɓaraguzansa.

Daren nan ya fita kamar kullum.
Ya hango wani ɗan kumbo, bai kai cokali ba,
ya danna.
Igwa arba'in suka yi tsawa sau ɗaya,
sai goshin Hauki ya yi ja, ya yi fari,
ya narke ya zubo kan matuƙinsa.
Ɗan cokali ko harbi bai yi ba.
Ya ɗan tsaya, ya kewaya gawar, ya wuce.

Shafi goma sha tara maginan wasan suka rubuta.
Ya buga su a takarda, ya sa tabarau.
Wai yanzu kowace igwa tana haifar da zafi.
Wai makami mai linzami ba ya faɗowa daga sama,
sai an ja masa bututu tun daga rumbun harsashi.
Garkuwa tana tare dalma, haske kuwa ratsa ta yake.
Kauko, abokin yaƙinsa, ya bugo waya:
sun kashe wasan, ni na ajiye.
Aulis ya ce to, ya ci gaba da karatu,
yana jan layi ƙarƙashin abin da bai gane ba,
har layin ya fi rubutun yawa.

Asabar, jikarsa Venla ta zo da ƙanƙara a takalmi.
Ta ce, kaka, ka daina karantawa, ka gwada.
Suka gina allon ƙarfe, igwa ɗaya tal a kai,
ita riƙe da agogon dafa ƙwai,
shi da fensir a bayan takardar kuɗin wuta.
Daƙiƙa tara, ta yi ja.
Da lagireto a gefe, ashirin da biyu.
Igwa biyu kafaɗa da kafaɗa, shida kacal.
Suka raba su da taku uku, sai ga goma sha bakwai.

Nan tsohon ya ajiye fensir ya yi dariya
har sai da tari ya kama shi.
Ai wannan ya sani tun kafin a haifi uwarta.
Zafi tafiya yake yi a cikin ƙarfe,
ba a dinga walda wuri ɗaya,
kana ɗinka nan, ka tsallaka can,
ka bar wa farantin lokacin shan iska.

Ya cire igwa ashirin da shida.
Kowace ya cire, sai ya ɗan yi shiru.
Goshin Hauki ya koma kamar bakin tsoho,
lagireto sun fito masa ta haƙarƙari,
Venla ta ce ya yi muni. Ya yarda.

Lahadi da dare ya sake fita.
An ci shi, amma sai bayan minti goma sha ɗaya,
kuma wani ne ya kashe shi, da hannunsa.
Ya rubuta a gefen takarda:
bututun hagu ya yi tsawo.
Ya ɗauki waya ya nemi Kauko,
tana ta ƙara, a waje ƙanƙara na sauka.