Mai Kiwon Fumfuna

Shekara ashirin da shida ina wanke mata faranti,
ba na tuwo ba, na gilashi,
masu murfi, faɗin tafin hannun yaro.
A ciki take kiwon abin da kowa ke zubarwa.

Ɗalibai suka laƙaba mata Malama Fumfuna.
Ta ji, ba ta tanka ba.
Washegari ta rubuta sunan da alli a ƙofar ofis,
ta ja masa layi biyu.

Dakta Uwani Barau, 'yar Bomo.
Sau ɗaya ta ba ni labarin, muna zaman jiran wuta:
rumbun mahaifinta ya sha ruwa wata damina,
gyaɗa ta tsiro gemu kore,
aka ce zubarwa asara ce, aka soya, aka yi ƙuli,
ƙaninta Ɗanlami ya fi kowa ci.
Sati bai zagayo ba idonsa ya koma ruwan ɗorawa.
Nan ta tsaya.
Ta ce in duba ko tukunyar turara kwalabe ta huce.

Ta bi gonaki daga Samaru har Hunƙuyi
tana neman zangarniyar da burtuntuna ta ci.
Manoma na dariya:
mai digiri uku, ba ta son mai kyau sai ruɓaɓɓe.

Wata rana ta ɗago daga madubi, ta ce, Tanimu, zo ka gani.
Na leƙa. Wallahi kurmi ne,
itatuwa tsaye, kawuna kamar tumfafiya ta fashe,
duk a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba.
Tun ranar ban ƙara kankare burodi na ci ba.

Sai daren da taransifoma ta ƙone.
Janareto ba mai.
Kwana uku, firji ya zama tanda,
kiwon shekara goma sha ɗaya ya narke ya cakuɗe,
wari har bakin titi.
Ta kifa bokiti ta zauna a kai
ta yi kukan da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.
Aka kira la'asar. Ta yi salla, ta dawo,
ta ce faranti nawa suka rage masu tsabta?
Na ce arba'in.
Ta ce sun isa.

An ce ana karanta takardunta a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba,
ana ƙirga sau nawa aka ambace ta a gindin shafi.
Ni ban iya wannan lissafi ba.
Na dai san yara goma sha tara
da hannunsu ke rawa a bakin harshen wuta,
yau ɗaya na shugabantar sashe a Sakkwato,
in sun zo su durƙusa mata, ni su ba ni na goro.
Na san majinar da aka aiko daga Shika,
ta wani da maganin tarin fuka ya ƙi ci a jikinsa.
Ta duba, ta ce ba fuka ba ce, huhunsa ne ya yi fumfuna.
Har gobe yana sayar da lemo a Tudun Wada.

A hanyar Giwa na ga wata mata
ta shanya gyaɗa bisa gadon kara, ba a ƙasa ba,
tana tsince baƙaƙen tana jefawa a murhu,
ko kaji ba ta ba.
Na ce, wa ya koya miki?
Ta ce, ai haka ake yi.
Na kawo wa Dakta ƙara raina a ɓace:
ko sunanki ba ta sani ba!
Ta yi dariya har ta cire tabarau.

Jiya ta miƙa makulli.
An yi jawabai, an ba ta agogon bango.
Yau ina share ofis, na jawo aljihun tebur,
ga guntun ƙosai da ta manta a takarda,
ya yi gashi, fari da kore,
da wani launi a gefe da ban san sunansa ba.
Har na nufi kwandon shara.

Sai na koma na ɗauko faranti.