Zabira a Ƙofar Soro

Shekara ashirin da shida ina buga wa mutane takarda
a ƙarƙashin rumfar kwano, daf da Ƙofar Soro.
Na fara da tafireta mai karyayyen haƙori,
har na kai ga kwamfuta 'yar gwanjo
wadda nake lulluɓewa da tsohon zane in dare ya yi.

Wata Talata, Malam Nafi'u na tsaye a kaina,
takardar gadon gonarsu ta Batagarawa rabi a rubuce,
sai allo ya murtuke fuska:
wa'adi ya cika, ka biya ko ka tashi.
Ni da injina, ni da wutar da na saya,
ashe haya nake a ɗakin wani.

Barira ce ta fisshe ni, 'yar ƙanwata.
Ta zo da wani ɗan abu kamar gutsuren rake,
ta ce, "Kawu, matsa."
Na matsa.

Na ce, nawa ne? Ta ce, babu.
Na ce, to na sata ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Na gayya ne, Kawu.
Dubban hannaye suka nome shi,
daga garuruwan da ba su san juna ba,
suka bar ƙofar rumbu a buɗe."

Ban yarda ba sai da na zauna da shi.
Zabira ce, irin ta wanzami:
jaka ɗaya, amma ga aska, ga ƙaho, ga almakashi,
kowanne da ranarsa.
Akwai na rubutu, shi ne abincina,
wasiƙa, ƙorafi, neman aiki, yarjejeniyar jingina.
Akwai mai gidaje-gidaje kamar dara,
inda Hajiya Sahura ke zuba kuɗin adashi;
mata arba'in da ɗaya,
ka sauya lamba guda, jimla ta gyara zamanta da kanta.
Tun daga nan ba a sake rantsuwa a gabana ba.

Malam Sagir na firamare yakan zo ran Asabar
ya jera darasin gaɓoɓin jiki allo bayan allo,
yana gardama da ni a kan launi.
Shi ja yake so. Ja ba ya karantuwa.
Akwai kuma na zane, da wani na adana sunaye
da har yau ban taɓa shi ba.
Ba kowace aska ake wasawa kullum ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai
shi ne da ta ce ɗinkinsa a waje yake.
Riga ce da aka juya bayanta:
duk telan da ya iya zai ga inda allura ta bi,
ya warware, ya ƙara hannu, ya rage wuya,
ya miƙa wa na gaba ba tare da neman izini ba.
Kuma takardar da na adana yau
jikan Nafi'u zai buɗe ta ba da kuɗin mabuɗi ba.

Ba na cewa ba shi da aibi.
Wani lokaci takardar ma'aikata kan zo da layi a karkace,
in yi tsaki, in gyara.
Kuma yana ja wa kalmominmu jan layi,
kamar ƙosai da ɗanwake kuskure ne.

Na kai ƙara wurin Barira.
Ta ce, "Wa kake jira? Gonar taka ce."

Yanzu bayan isha'i, in an kawo wuta,
ina zaune ina tara kalmomi ɗaya bayan ɗaya,
ɓarawo, ƙyanƙyaso, tsattsafi, ɗawainiya,
ita za ta aika wa mutanen gayya.
Jiya na kai ɗari bakwai da tara.
Shayina ya huce ban sani ba.