Ɗan Mai Lauje a Bakin Densu

Ubana Gariba da lauje ya ciyar da mu.
Yakan bar Sabon Zango kafin assalatu,
ya dawo da dami a ka, raɓa na ɗiga a wuyan riga.
Ragunan unguwa sun fi mu sanin takunsa.
Shekara talatin yana yanka,
bai taɓa dasa ko tsinke ɗaya ba.
Ba rowa ba ce. Wa ke shuka ciyawa?

Ga ni yau, ɗansa,
tsundum a laka har cinya,
inda Densu ke sauke gajiyarsa a teku,
ruwan daɗi da na gishiri suna cinikin da ba ya faɗawa.
A hannuna saiwa ce fara, siririya kamar zaren kaɗi.

Dabi Ablawa ce ta koya min,
mai tsintar ƙumba, mai tafin hannu kamar bayan kada.
Hausarta ta kasuwa ce, tawa Gar ta turoturo,
sai muka bar yatsu su yi magana:
tona, sa, danne, ɗaure da gora,
kar ka binne mata wuya.
Ta ce da tana yarinya
ƙasan nan kore ne shar,
in ka taka, jatan lande na tsalle kamar gero a turmi.
Sai koma mai ja ta zo ta yi masa aski,
farfelar inji ta bi sawu,
kwatocin Ankara suka aiko da nasu gudummawar:
leda, silifa ɗaya, kan ’yar tsana.

Talata muke dasawa,
ranar da masunta ke barin teku ya huta.
Ruwa ya janye, mu shiga;
ya kawo, mu fita.
Ban taɓa aiki ƙarƙashin ubangida mai tsare lokaci irinsa ba.

Ɗari uku muka kafa a watan farko.
Wani dare aka jefa anga a tsakiyar gonar.
Da safe na ƙirga da ƙafa, don ido ba ya kaiwa:
sittin da ɗaya.
Na zauna a gindin kwakwa, na ce na bari.
Dabi ta miƙo min dokunu da barkono,
ba ta ce komai ba,
ta koma ruwa da gorarta.
Kunya ce ta tashe ni, ba haƙuri ba.

A Zango ana min dariya a wurin mai koko:
ga manomin da gonarsa ke nitsewa sau biyu a yini!
Ba shinge, ba rumbu, ba zakka.
Na kan shanye kokona.
Me zan ce? Gonar da ba a gani
sai wanda ya jiƙa wando.

Wata na bakwai ruwan ya fara washewa.
Na sunkuya, na ga yatsun ƙafata,
na ga ganye na rusunawa gaba ɗaya kamar sahu,
tsakaninsu kifi ƙanana, ba su kai farce ba,
da ƙaguwa ɗaya mai fushi,
ta ɗaga min hannu kamar ni ne baƙon.
Ni ne kuwa.

Na tsinko ganye guda, Allah ya yafe min,
na kai wa tsoho a zaure.
Idonsa ya tafi, laujen na rataye ya yi tsatsa.
Ya shafa, ya sansana, ya ɗan tauna gefe,
ya tofar.

Ya ce, wace dabba ke cin wannan?
Na ce, ba ci ake ba, Baba, kwana ake a ciki.

Ya daɗe yana murza ta a yatsa.
Sannan ya ce:
bar ta tukuna.
Ba ta isa yanka ba.