Fitilar da Ba a Kallo

Na bar Agege kafin assalatu,
jakar kayan aiki a cinya, danfo na tari kamar tsoho.
Muka hau doguwar gada, ruwa a ƙasa yana hucin gishiri.
Ikko gari ne da ba ya bushewa:
ka shanya riga ran Talata,
ran Alhamis ta yi maka warin tsohuwar rijiya.

A Lekki, hawa na uku, Madam Ronke ta ce,
"Tanimu, esin nan sanyi yake sayar mana,
ya ba mu atishawa gyara."

Na kwance murfi.
Abin da na tarar ba a faɗa wa mai cin abinci.
Fumfuna ta kafa gari a haƙarƙarin ƙarfe,
da unguwanninta, har da kasuwa.
Ruwa kwance a tire, yana yauƙi kamar kuɓewa.
Shekara biyu, duk iskar gidan nan
sai ta gaida wannan gari
kafin ta shiga ƙirjin yara.

Na wanke, na goge, na sake rariya.
Sannan na zaro ta daga kwali,
siririya, ba ta fi kamu ɗaya ba,
gilashi mai rauni kamar ƙashin tsuntsu.

Baba Rasaki, da ya koya mini aiki a Mushin,
da Hausarsa ta kasuwar goro yake cewa,
"Kada ka kalle ta, yaro.
Ita da rana uwarsu ɗaya.
Shuɗin da ka gani riga ce kawai,
mai aikin ba ya ganuwa."
Sallau bai ji ba, ya leƙa.
Kwana biyu yana kuka ba a yi masa mutuwa ba,
ido kamar an cika shi da yashi.

Don haka na ɗaure ta inda duhu ya fi kauri,
na mayar da murfi, na ƙulle kusa huɗu,
sannan na kunna.
Ba ƙara. Ba ƙamshi.
Madam ta ce, "Shi ke nan? Wannan na biya?"
Na ce, shi ke nan.
Tana ciki tana ƙona zuriyar fumfuna tun a tsatso.
Amma kada a ɗora mata kayan da ba nata ba:
ba ta share ƙura,
ba ruwanta da hayaƙin janareton maƙwabci,
in an ɗauke wuta ita ma barci take.
Kuma baɗi war haka a kira ni,
za ta ci gaba da shuɗi kamar lafiya lau
alhali ƙarfin ya daɗe da tafiya.

Wannan maganar ta biyo ni har mota.
Na san mutane haka.
Na san wani da nake gani a madubin aski.

Na isa gida bayan isha.
Ɗakinmu ɗaya, fanka ɗaya mai ɗingishi.
Bangon gabas ya yi taswirar baƙi da kore
tun ruwan watan shida,
kuma Zulai, 'yar shekara biyar,
ƙirjinta na busa usur a cikin barci.
Uwarta ta dube ni, ta dubi jaka.
A cikin jakar akwai kwali ɗaya da ya rage,
na wani gida a Ikoyi, gobe.
Ba mu da akwatin da za a ɓoye rana a ciki.

Na jiƙa tsumma da ruwan bilic,
na hau kujera, na bi bangon a hankali.
Na buɗe taga duk da sauro.
Na ce gobe in babbar ta fito,
a fitar da katifa kan kwano.
Ita ba ta karɓar kuɗin aiki,
sai dai a Ikko
sai ta ga dama take zuwa.