Yatsan Mai Zaɓen Albasa

Shekara ashirin da biyu ina zaune a Ramin Kura,
buhu a gabana, faifai bisa cinya,
ina zaɓen albasa.
Jan ɓawo yakan ruɗi ido,
yatsa ba ya ruɗuwa.

Shi ne ran wata Talata, a makewayi,
kumfa a hannu, ina sauri kar motar kaya ta riga ni,
yatsan ya tsaya a gefen nonon hagu,
ya ce, Ige, ga abin da ba ke kika ajiye ba.
Ƙwarar gujiya guda, ba zafi, ba zogi.
Na tura ta, ta ƙi gusawa.

Inno mai tumatur ta ce kuɗin ciniki ne
da nake cusawa a rigar mama.
Wata ta ce jifa ne.
Modi bai ce uffan ba,
ya fita titi ya tsai da agwagwa da buje,
muka nufi asibitin koyarwa.

Da sakamako ya fito, Likita Hassatu ta juya bayan takarda ta yi zane.
Ta ce, jiki gini ne na ƙwayoyi da ido ba ya gani,
kowacce ta haihu, ta tsufa, ta mutu, ta bar wa wata wuri.
Sai guda, can cikin hanyar da ruwan nono ke bi,
rubutun cikinta ya dame,
kamar allon da yayyafi ya taɓa.
Ta manta da mutuwa.
Ta zama biyu, biyu suka zama huɗu,
damina na zuwa tana wucewa, ke ba ki sani ba.
In an bar su, sai su fasa bango,
su sauka a kaluluwar hammata,
daga nan ƙashi, huhu, hanta,
duk inda hanya ta ba su wurin yaɗuwa.

Na ce, likita, ashe ba ruɓa ba ce, tsiro ne.
Na san albasar da ke tsira a ajiya ba lokacinta ba,
koren yana tsawo, uwar tana ramewa.
Ta ce, haka. Ruɓa na kama na kusa da ita,
sankara ba ta kama mai jinya ko mai shafawa.

Sai tambayoyi, kamar awon hatsi:
Shekarunki nawa? Hamsin ba ɗaya.
Yaushe kika fara al'ada? Da wuri, kafin sa'o'ina.
Haihuwar fari? Sai da na haura talatin.
Ta dubi jikin da zaman kasuwa ya tara mini,
ta rubuta.
A danginku fa?
Nan harshena ya yi nauyi.
Goggo Tumba, a Kware,
ɗaki mai warin turare da wani warin a ƙarƙashinsa,
ganye bisa ƙirji, zane bisa ganye.
An ce mana daji ne, ba a kiran sunansa da dare.
Ba ta kai arba'in ba aka yi mata rakiyar da ba dawowa.

Likita ta ce, waɗannan suna ƙara nauyin buhu ne kurum.
Wata na da su duka ta tsufa lafiya,
wata ba ta da ko ɗaya ya same ta.
Har namiji ma, jefi-jefi.
Ba kuɗi ba ne, ba jifa ba ne, ba laifinki ba ne.
Naki bai kai hammata ba. Kin zo ana iya cirewa.

Jibi za a shiga da ni.
Na bar wa Luba rumfa da littafin bashi.
Daren jiya na kira ta ɗaka, na tura ƙyaure,
na kama yatsunta uku, masu ƙaurin albasa irin nawa,
na ɗora su a wurin.
Ta so janyewa, na riƙe.
Na ce, ji da kyau, ɗiyata.
Haka yake tun yana ƙarami.